Tsayuwar sa'a 46 domin yara masu ciwon daji: amsar wasiƙunku

A fitowarmu ta baya mun kawo ɗan taƙaitaccen labari cewa ɗaliban jami'ar Penn State da ke jihar Pennsylvania a Amurka sun tara sama da dala miliyan 17 a shekarar 2025 domin yara masu fama da ciwon daji, ta hanyar wani taron rawa da ake shafe kusan kwana biyu ana yi, ba zama ba barci. Labarin bai wuce layi goma ba, amma wasiƙun da suka biyo bayansa sun fi na kowane batu yawa a wannan watan. Na zaɓo huɗu waɗanda a ganina suka tattaro tambayoyin sauran, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba a wannan fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. 'Yata tana karatun digiri a jami'ar da kuka ambata, kuma ta aiko mini da saƙo cewa ta shiga wannan hidima, har tana roƙon in ba da gudummawa in kuma sanar da abokaina. Ni dai karatu na tura ta, ban tura ta rawa ba. Mene ne asalin wannan abu, kuma yaya mutum zai kwana biyu a tsaye bai cutu ba? Daga wani uba a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya shirya mana zuri'a. Damuwarka tana kan hanya, domin duk uban da ya ji an haɗa sunan 'yarsa da rawa a ƙasar da ba tasa ba dole hankalinsa ya tashi. Sai dai ina roƙonka ka saurari yadda abin yake tukuna, domin kalmar rawa ita ce ta fi ɓata wannan lamari a kunnen Bahaushe, alhali kuwa ita ce mafi ƙanƙantar abin da ake yi a cikinsa.

Sunan taron THON, kuma an fara shi ne a 1973, lokacin da majalisar ƙungiyoyin zumunta na ɗalibai maza ta jami'ar ta shirya gasar rawar juriya a wani ɗakin taro na makarantar. Mutum 78 ne suka shiga, aka yi sa'a 30, aka tara dala 2,000 da 'yan kai. A shekarun farko akan sauya ƙungiyar agajin da za a ba kuɗin, har zuwa 1977 da ɗaliban suka ɗaura alaƙa da wani asusu mai suna Four Diamonds, wato lu'ulu'u huɗu, wanda ke asibitin yara na jami'ar a garin Hershey. Daga baya asusun ya zama shi kaɗai ke karɓar abin da aka tara, kuma haka ake har yau. Wani magidanci mai suna Charles Millard da matarsa Irma ne suka kafa shi a 1972, bayan ɗansu Christopher ya rasu yana da shekara 14, ya kuma yi kusan shekara uku yana fama da ciwon daji. Kafin rasuwarsa yaron ya rubuta wani labari na jarumin da ya fita neman lu'ulu'u huɗu, wato jaruntaka da hikima da gaskiya da ƙarfi, kuma daga nan asusun ya samo sunansa. Shi ya sa in 'yarka ta aiko maka da hoto za ka ga ɗaliban sun ɗaga hannuwa sama sun haɗa manyan yatsu da manuniya sun yi siffar lu'ulu'u.

Ana yin taron ne a watan Fabrairu, a babban zauren wasanni na jami'ar mai suna Bryce Jordan Center, wanda ke ɗaukar mutum wajen 15,000, kuma a nan ake yin sa tun 2007. Da ƙarfe shida na yammacin Juma'a ɗalibai kimanin 700 da aka zaɓa za su miƙe tsaye, kuma ba za su sake zama ko runtsawa ba sai ƙarfe huɗu na yammacin Lahadi, sa'a 46 ke nan cif. Rawar da ake magana a kai 'yar gajera ce da kowa ke yi tare lokaci zuwa lokaci, kuma an tsara ta ne musamman domin a miƙe gaɓoɓi jini ya zagaya. Sauran lokacin kuwa tsayuwa ce da zagaye da cin abinci a tsaye da wasa da yaran da ake yin abin dominsu.

Na bi taron ta intanet, domin ɗaliban da kansu suke watsa shi kai tsaye, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani abu da na gani da asubahin Lahadi. Wani saurayi ya jingina da abokinsa, ƙafafunsa sun kumbura, yana murza ƙaramar ƙwallo a ƙarƙashin tafin ƙafarsa don ya rage raɗaɗi, idanunsa na lumshewa. Sai ga wani yaro da bai fi shekara shida ba, kansa babu gashi ko ɗaya saboda maganin da yake sha, ya lallaɓo da bindigar ruwa ta wasa ya fesa masa a wuya. Saurayin ya zabura, ya bi yaron da gudu yana ɗingishi, ya ɗauke shi ya ɗora a kafaɗa, su biyun suna ta dariya. Ma'anar tsayuwar ke nan a wurinsu: ɗalibi mai lafiya ya ɗanɗani gajiya da ciwon jiki na kwana biyu da son ransa, a gaban yaron da ke shan wahalar da ta fi wannan shekara da shekaru ba da son ransa ba. Taken da suke maimaitawa kalmomi uku ne a harshensu, ma'anarsu kuwa ita ce domin yara.

Game da lafiya, ba zan ɓoye maka ba, abin yana da wuya kuma yana taɓa jiki. Ƙafafu suna kumbura, baya yana ciwo, wasu kuma rashin barci yakan kai su ga fara ganin abin da babu. Saboda haka ne kowane mai tsayuwa ake haɗa shi da ɗalibi guda wanda aikinsa shi ne kula da shi, ya tausa masa ƙafa, ya tabbatar ya sha ruwa ya ci abinci, ya kuma ƙarfafa masa gwiwa in ya karaya. Akwai ma'aikatan lafiya a zauren, kuma wanda jikinsa ya gaza akan fitar da shi. Tun makonni kafin ranar ake shawartar su da motsa jiki da rage shan kofi, a cikin zauren kuma akan ɓoye musu lokaci don kada ƙirgen sa'o'i ya karya musu zuciya. A da ma sa'a 48 ake yi kafin a mayar da ita 46. Mai ciwon sikila ko asma ko ciwon zuciya bai kamata ya kusanci wannan tsayuwa ba sai da izinin likitansa.

Amma abin da nake so ka riƙe, Alhaji, shi ne cewa wataƙila 'yarka ma ba ta cikin masu tsayuwar. Ɗalibai sama da 16,000 ne ke aikin sa kai a wannan hidima, kuma 700 ɗin nan 'yan ƙalilan ne, yawancinsu ƙungiyoyinsu ne suka fitar da su saboda ƙwazon da suka nuna. Sauran suna cikin kwamitoci, wasu na lissafin kuɗi, wasu na abinci, wasu na tsaro da tsaftar zaure, wasu na hulɗa da iyalan marasa lafiya. Kuɗin ma ba a cikin kwana biyun nan ake tara shi ba, aikin shekara guda ne na rubuta wasiƙu ga 'yan'uwa da kamfanoni da sayar da 'yan kayayyaki da neman taimako ta intanet, wanda saƙon da ta aiko maka yana daga ciki. Abin da ya fi burge ni a tsarin nasu shi ne yadda ake haɗa ƙungiyar ɗalibai da iyali guda daga cikin masu jinya, su riƙa ziyartar su, su halarci bikin zagayowar ranar haihuwar yaron, su kasance tare da su in jiki ya yi tsanani. Ɗaliban suna kammala karatu su tafi, sababbi su gaji iyalin, har yaron ya girma, ko kuma, in Allah ya karɓi abinsa, su ci gaba da zumunci da iyayensa.

Saura abin da ya shafe mu a matsayinmu na Musulmi. Ka tambaye ta a natse wane aiki take yi a ciki. Idan tana son shiga sahun masu tsayuwa, to ta sani cewa salla tana da sujada da zaman tahiya, kuma lokuta da dama na salla za su riske ta a cikin sa'a 46, don haka ta daidaita wannan magana da masu shirya taron tun kafin ta sa sunanta. Ta kuma duba kalanda, domin a 'yan shekarun nan watan azumi yana faɗowa daf da lokacin da ake yin taron. Zauren cike yake da kiɗa da cuɗanyar maza da mata, kuma hukuncin wannan na malamanku ne, su za ku tuntuɓa. Shawarata ita ce kada ka hana ta hidimar gaba ɗaya, domin akwai ayyuka da yawa a ciki da za ta yi ba tare da ta taka rawa ba, kuma yarinyar da ta je wata ƙasa karatu ta zaɓi ta ba da lokacinta ga yara marasa lafiya, tarbiyyar gidanku ce ta nuna. Idan za ka ba da gudummawa, ka bi ta shafin taron na ainihi inda ake ba da shaidar biya, kada ka tura ta hannun wani da ya ce zai miƙa.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin yara. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, Amurka da duk arzikinta me ya sa sai ɗalibai sun yi bara kafin a yi wa yara magani? Kuma ina waɗannan miliyoyin suke tafiya? Daga wata 'yar'uwa a Maraɗi.

AMSA: Malama, Allah ya saka muku da alheri a kan aikin da kuke yi. Tambayarki ta taɓa wurin da ke ciwo, kuma Amurkawa da yawa su ma suna yin ta. Amurka ba ta da tsarin da gwamnati ke ɗauke wa kowa kuɗin asibiti kamar yadda ake yi a Ingila. Yawancin mutane suna dogara ne da inshorar lafiya da ake samu ta wurin aiki, masu ƙaramin ƙarfi kuma da 'ya'yansu akwai tsare-tsaren gwamnati da ke tallafa musu. To amma inshora ba ta biyan komai, akwai kason da mai jinya zai fitar daga aljihunsa, akwai kuma abubuwan da ba ta shiga cikinsu sam. Sankarar jini, wadda ita ce ciwon dajin da ya fi kama yara, maganin nau'inta da ya fi yawa yakan ɗauki shekara biyu zuwa uku, kuma sau da yawa sai ɗaya daga cikin iyayen ya ajiye aikinsa ya zauna jinya, ga kuɗin mota da na masauki da na abinci a garin da ba nasu ba. Iyali mai rufin asiri yana iya wayar gari cikin bashi.

A nan asusun Four Diamonds yake shigowa. Yaron da ya cancanta kuma ake yi masa maganin ciwon daji a asibitin yara na Hershey, duk abin da inshora ba ta biya ba na jinyarsa asusun ne ke biya, ta yadda iyaye ba sa ganin takardar neman kuɗi. Yana kuma ɗaukar nauyin ma'aikatan da ba a cika tunawa da su ba, kamar masu kula da walwalar iyali da masu kwantar wa yaro hankali kafin a yi masa allura ko tiyata da masana abinci mai gina jiki. Wani kaso mai yawa kuma yana tafiya ga binciken sababbin magunguna. Daga 1977 zuwa yau ɗaliban sun tara sama da dala miliyan 200, an kuma tallafa wa iyalai sama da 4,000. Sai a 1992 ne suka fara kaiwa dala miliyan ɗaya a shekara guda, wato bayan kusan shekara ashirin suna fafutuka. A 2021, da annobar korona ta hana taruwa aka yi abin ta intanet, sun tara sama da miliyan 10, a 2023 suka haura miliyan 15, a 2024 kuma suka kusa miliyan 17. Ana bayyana jimillar ce a gaban jama'a a ƙarshen taron, shugabannin ɗaliban su jeru a kan dandamali su ɗaga alluna masu ɗauke da lambobi ɗaya bayan ɗaya, har da 'yan sulallan da suka ɗoru a kai.

Duk da haka akwai suka, kuma ba zan ce babu gaskiya a cikinta ba. Wannan dukiya asibiti ɗaya take zuwa, yaron da ke wata jiha ko wanda ciwonsa ba na daji ba ne ba shi da rabo a cikinta kai tsaye. Akwai masu ganin cewa gasa tsakanin ƙungiyoyi kan wa ya fi tarawa takan so ta rinjayi manufar, akwai kuma masu cewa bai dace a ce lafiyar yaro ta rataya ga ƙwazon ɗalibai ba a ƙasar da ke da irin wannan wadata. Ni ma ina ganin haka, amma laifin nan na masu tsara manufofin ƙasa ne, kuma uwar da ɗanta ke kwance yau ba za ta iya jiran a gyara doka ba.

Ke kuwa kin fi ni sanin yadda abin yake a wajenmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa kimanin 400,000 ne ke kamuwa da ciwon daji kowace shekara, kuma a ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 cikin ɗari suna warkewa, yayin da a ƙasashe matalauta da yawa waɗanda ke warkewa ba su kai kashi 30 ba. A 2018 hukumar ta ƙaddamar da shirin ɗaga wannan adadi zuwa aƙalla kashi 60 a duniya nan da 2030. Daga cikin manyan dalilan wannan tazara akwai makara wajen zuwa asibiti da kuma yanke magani a tsakiya. Na ga wannan da idona lokacin da nake zaman jinyar ɗan ƙanwata a wani asibiti. A gadon da ke kusa da namu akwai yaro ɗan shekara bakwai da muƙamuƙinsa ya kumbura har ya ture masa haƙora, irin ciwon nan da likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, wanda ya fi yawa a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Ciwo ne mai saurin jin magani, kuma bayan zagaye na farko kumburin ya ragu har yaron ya fara cin tuwo, uwarsa tana ta hamdala. Ta sayar da keken ɗinkinta ta biya zagaye na biyu. Ranar da aka rubuta mata takardar na uku ta ninke ta ta ɗaure a bakin zanenta, ta ce za ta je gida ta nemo. Washegari da safe na tarar an cire zanin gadon, kuma har muka bar asibitin ba su dawo ba. Abin da ɗaliban can suke saya da tsayuwarsu ke nan, wato kada wata uwa ta ɗaure takardar magani a bakin zane ta fita.

TAMBAYA: Shin wannan jami'a ce kaɗai ke yin haka, kuma wa ya fara ƙirƙiro rawar juriya? Daga wani malamin makaranta a Kumasi.

AMSA: Malam, ba ita kaɗai ba ce, ko da yake ita ce ta fi kowa tarawa. Jami'ar Northwestern tana yin nata tun 1975, kuma ita takan sauya ƙungiyar da za ta tallafa wa. Wanda labarinsa ya fi taɓa zuciya shi ne na jami'ar Indiana, wanda aka fara a 1991 don tunawa da Ryan White, wani yaro mai ciwon rashin daskarewar jini da ya kamu da ƙwayar cutar ƙanjamau ta hanyar maganin da ake haɗawa daga jinin mutane. A 1985 aka hana shi shiga makaranta saboda tsoro da jahilci, ya yi ta gwagwarmaya har sunansa ya karaɗe ƙasar, ya kuma rasu a watan Afrilun 1990 yana da shekara 18, kafin ya shiga jami'ar da yake buri. Abokansa ne suka kafa taron, kuɗin kuma yana zuwa asibitin yara na Riley da ke Indianapolis, inda aka yi jinyarsa. Daga wannan misali ne ƙungiyar Children's Miracle Network, wadda aka kafa a 1983 kuma take tara wa asibitocin yara kimanin 170 kuɗi a Amurka da Kanada, ta yaɗa tsarin zuwa ɗaruruwan jami'o'i da makarantun sakandare, bisa ƙa'idar cewa abin da aka tara a yanki asibitin yaran yankin zai tafi.

Asalin rawar juriya kuwa ba abin alfahari ba ne. Ta yi tashe ne daga 1923, lokacin da wata mata mai suna Alma Cummings ta shafe sa'a 27 tana rawa a birnin New York. Da tattalin arzikin Amurka ya karye a shekarun 1930, sai abin ya koma kasuwanci, matalauta suna shiga don a ba su abinci da fatan cin kyauta, suna jan ƙafa makonni, 'yan kallo kuma suna biyan kuɗi su ga wanda zai faɗi, har garuruwa da dama suka haramta shi. Ɗaliban shekarun 1970 sun ɗauko siffar ne suka juya ta, suka mayar da wahalar a kan masu ƙarfi, ribar kuma ga marasa ƙarfi.

TAMBAYA: Malam, ina cikin shugabannin wata ƙungiyar ɗalibai a jami'armu, kuma labarin nan ya hana ni barci. Za mu iya yin irin wannan a nan? Daga wani ɗalibi a Kano.

AMSA: Ƙanena, na ji daɗin wasiƙarka ƙwarai, kuma amsata ita ce za ku iya, muddin kun gane abin da ya kamata ku ɗauka da wanda ya kamata ku bari. Taruwa don ɗauke wa wani nauyi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu sun san gayya, inda samarin gari ke haɗuwa su nome gonar wanda ya gaza, sun kuma san ajo, inda ake kiran makaɗa a taru a yi wa wanda asara ta faɗa wa karo-karo. Ko a jami'o'in Najeriya akwai al'adar ranar da ɗalibai ke sa tsummokara su fita titi da gwangwani suna neman taro da sisi, wadda asalinta don taimakon mabuƙata ne, sai dai a wurare da yawa an manta da manufar, abin da aka samu yana ƙarewa a aljihun wanda ya tara.

Ban ba ku shawarar rawa ba, domin a garinku ita ce za ta kori mutanen da kuke buƙatar kuɗinsu da albarkarsu, kuma ba ita ce ta kawo wa 'yan Penn State nasara ba. Tattaki na nisa ko gasar ƙwallo tsakanin tsangayoyi ko musabaƙa ko ranar ba da jini, kowanne zai iya zama ranar da ake taruwa a bayyana abin da aka samu. Ban kuma ba ku shawarar tsayawa a kan titi da gwangwani ba. Su ma ɗaliban can sun shafe shekaru suna bazuwa garuruwa a ƙarshen mako suna karɓar taimako a mahaɗar tituna, kuma hanyar tana kawo kuɗi sosai, amma bayan haɗurran mota a 2011 da 2015 da suka yi sanadin rasuwar ɗalibai a irin waɗannan tafiye-tafiye, sai aka janye ta sannu a hankali har aka daina. An yi fargabar kuɗin zai ragu, ya kuma ɗan ragu na wani lokaci, daga baya ya zarce na da.

Abin da ya kamata ku kwaikwaya shi ne riƙo da wuri ɗaya da kuma riƙon amana. Sun zaɓi asibiti ɗaya da ciwo ɗaya suka tsaya a kai kusan shekara hamsin, shi ya sa mai bayarwa ya san inda kuɗinsa zai sauka, tsohon ɗalibi kuma da ya bar makaranta shekara talatin da suka wuce har yanzu yana aikowa. Ku ma ku zaɓi ɗakin yara guda a asibitin koyarwa mafi kusa da ku. Idan ciwon daji ya fi ƙarfin aljihunku a farko, ga sikila nan, wadda ake ƙiyasin ana haifar jarirai wajen 150,000 da ita kowace shekara a Najeriya, kuma da wuya ka sami unguwar da babu gidan da ke fama da ita. Ku rubuta yarjejeniya da sashen kula da walwalar marasa lafiya na asibitin, ta yadda kuɗin zai riƙa tafiya kai tsaye ga ɗakin magani ko ɗakin gwaji da sunan yaron da likita ya tabbatar, ba tare da tsabar kuɗi ta ratsa hannun ɗalibi ba. Asusun ajiyar ya kasance sai da sa hannun mutum uku, ɗaya daga cikinsu malami ne da kowa ya yarda da shi, kuma kowane zangon karatu ku manna lissafin shiga da fita a allon sanarwa har zuwa naira ta ƙarshe. Babbar barazanar da ke gabanku ita ce ku da kanku za ku kammala karatu ku watse, don haka tun yau kowane mai riƙe da muƙami ya jawo ɗan aji ɗaya ko aji biyu ya riƙa koya masa aikin.

Akwai kuma mutuncin yaran, wanda nake roƙonku da babbar murya ku kiyaye. Kada ku ɗauki hoton yaro a kan gadon jinya ku watsa a Facebook ko WhatsApp don ku motsa zukatan mutane, sai da yardar iyayensa da suka fahimci inda hoton zai kai. A taron can, sa'o'i kaɗan kafin a rufe, akan ba iyalai dandamali su yi magana da bakinsu, wasu riƙe da hannun ɗansu da ya warke, wasu riƙe da hotonsa kawai, sannan a nuna sunaye da fuskokin yaran da suka rasu, zauren nan mai dubban mutane ya yi tsit. Iyalan ne suke zaɓar su hau su faɗi labarinsu, kuma suna yin haka ne a gaban ɗaliban da suka san su tun ranar da aka kwantar da ɗansu.

Kada kuma ƙanƙantar abin da za ku fara da shi ta sanyaya muku gwiwa, domin su ma da dala 2,000 suka soma. Kafin ku kira taro ko ku buga takardar sanarwa, kai da mutum biyu daga cikin abokanka ku je ɗakin yaran da kuka zaɓa, ku nemi ganin babbar ma'aikaciyar jinya, ku gaishe ta, ku tambaye ta yara nawa iyayensu suka ɗauke ba da son likita ba a cikin wata ukun da suka wuce, kuma nawa ne kuɗin da ya kore su. Ka rubuto mini da amsar da ta ba ku, in Allah ya yarda zan buga ta a wannan fili.